Tambaya da Amsa: Su wa suka yi fim ɗin Excalibur?

Tambaya: Malam, na kalli wani tsohon fim na Sarki Arthur da barade masu sulke, mai suna Excalibur. Su wa suka yi shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. John Boorman ne ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a 1981, kuma a ƙasar Ailan aka ɗauke shi. Nigel Terry ne Arthur, Nicol Williamson ya fito a boka Merlin, Helen Mirren kuma Morgana. Ki duba da kyau, za ki ga Liam Neeson da Patrick Stewart tun kafin duniya ta san su. 'Yar Boorman, Katrine, ita ce mahaifiyar Arthur.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne maƙerin sulken, Terry English, da alminiyom ya ƙera su. Alex Thomson mai ɗaukar hoto ya haska su da koren haske, har aka sa shi cikin masu neman kyautar Oscar. Ranar da na fara kallonsa a kaset, sau uku na mayar da wurin da barade ke sukuwa cikin itatuwa masu fure.