Ku Tambaya a Amsa: Ciniki na Tafiya, Jari na Raguwa

TAMBAYA: Shekara huɗu ke nan ina riƙe da shagon kayan masarufi. Ciniki alhamdu lillahi, ba na wuni a zaune. Amma duk sa'ad da na shiga kasuwar Singa sari, sai in ga abin da nake ɗaukowa bai kai na baya ba. Yarona amintacce ne, ba na zarginsa. To ina kuɗin ke zuwa?
Daga wani mai shago a Kano

AMSA: Malam, abin da ke aljihun tebur da daddare ciniki ne, ba riba ba. Mafi yawansa uwar kuɗi ce da ta fita a matsayin kaya ta dawo a matsayin kuɗi. Wanda bai raba biyun nan ba zai yi ta cin jarinsa yana cewa albarkar kasuwa ce.

Ka sayi littafi ɗaya, ka ware shafuka huɗu: ciniki, sari, kashe-kashen shago, da abin da ka ɗiba don gida. A ƙarshen wata ka rufe ƙofa na awa biyu, ka ƙirga kayan da ke shago kaf, a kan farashin sari, ba farashin sayarwa ba. Wannan ƙirgar ce mutane ke ƙyuyarta, alhali ba tare da ita ba babu lissafin da zai fito.

Mu ɗauka a farkon wata kana da kayan N900,000. Cikin watan ka saro na N1,600,000, har da kuɗin mota da na 'yan dako, domin su ma suna cikin kuɗin kaya. Ƙarshen wata ka ƙirga ka samu na N850,000. Haɗa biyun farko ka cire na ƙarshe: kayan N1,650,000 ne suka fita. In cinikin watan N1,900,000 ne, ribar farko ita ce N250,000.

Daga nan sai shago ya ci nasa. Haya N240,000 a shekara, wato N20,000 a wata, ko da ba a wannan watan ka biya ba. Albashin yaro N30,000. Wuta da man janareta N35,000. Leda, cajin POS, kati da kuɗin ƙungiyar kasuwa N15,000. Jimla N100,000. Ribar gaskiya ta tsaya a N150,000. Yanzu buɗe shafi na huɗu. In kana ɗaukar N6,000 kullum don cefane da sauran hidimomi, ka ɗauki N180,000 a wata. Ka ci ribar duka, ka ƙara da N30,000 daga jari. Kuma ba mu sa madarar da aka aiko daga gida a ɗauka ba, da taliyar da ka ba maƙwabci. Su ma a rubuta su a wannan shafin.

Akwai rami na biyu, kuma a 'yan shekarun nan ya fi na farko zurfi. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ka saro katan 50 a kan N20,000 kowanne, ka sayar N22,000, ka ce ka ci N2,000 a kowane katan, ka kashe ta. Ka koma Singa da miliyan ɗayanka ka tarar katan ya zama N22,500. Katan 44 za ka ɗauko. Babu wanda ya yi maka sata, amma katan shida sun tafi. Don haka ka riƙa sa farashi a kan abin da za ka biya in ka koma sari gobe, ba abin da ka biya makon jiya ba. Kira dilanka kafin ka buɗe sabon katan.

Ka yanka wa kanka albashi, kamar yadda ka yanka wa yaro, kada ya wuce abin da lissafin wata uku ya nuna shagon na iya ɗauka. Bashi kuma ka ba shi littafinsa: suna, kwanan wata, adadi. Wanda ya wuce kwana talatin bai biya ba, a dakatar da shi har ya share na baya.

TAMBAYA: Ina yin zoɓo a gida ina kai wa shaguna, gora N300. Wata mai yi ta sauke nata zuwa N250. In bi ta, ko in tsaya?
Daga wata uwargida a Zariya

AMSA: Hajiya, kada ki taɓa farashi sai kin san nawa gora ɗaya ke ci. Ranar da za ki yi dahuwa ki rubuta komai da ya shiga tukunya: zoɓo, sukari, citta, kanumfari, ruwa, gawayi ko gas, sannan gororin kansu da ƙanƙara in kin saya. Ki raba jimlar da yawan gororin da suka fito. A ce kowace ta ci N190. To N110 ce ke rage miki a gora.

Wannan N110 ba taki ba ce tukuna. Akwai kuɗin da za su fita ko kin sayar ko ba ki sayar ba: yaron da ke kai kaya N20,000 a wata, wuta N12,000, da firiza. Firiza ita aka fi mantawa. In kin saye ta N360,000 kuma kina sa ran za ta yi shekara biyar, wata 60 ke nan, tana cin N6,000 kowane wata, kuma ya kamata ki riƙa ware wannan kuɗin gefe don ranar da za ta tsaya. Jimla N38,000. Raba da 110: sai kin sayar da gora 346 a wata kafin ki fita kunya, wajen 14 a rana in kina aiki kwana 26. In kina son N60,000 ta zama ladan wahalarki, sai gora 891, wato 35 a rana.

To ga abin da rage N50 zai jawo. Abin da ke saura a gora zai faɗo daga 110 zuwa 60, kuma gororin da za su biya N38,000 ɗin za su tashi daga 346 zuwa 634. Ragin kashi ɗaya cikin shida ne a farashi, amma aikin ya kusa ninkuwa. Kina da shagunan da za su karɓi wannan ƙarin? Firizarki za ta ɗauka?

Sannan ki lissafa wanda ya lalace. In aka ɗauke wuta kwana biyu, goma cikin ɗari suka yi tsami aka dawo miki da su, kuɗin ɗarin zai hau kan casa'in ɗin da aka sayar: abin da gora ɗaya ke ci ya koma N211. Shawararmu ki tsaya a N300, ki ƙara ƙaramar gora mai araha ga masu son mai sauƙi, ki yi mata nata lissafin daban. Mai yiwuwa ne ita waccan mai zoɓon ba ta sa firiza da wahalarta a lissafi ba.

TAMBAYA: Kowace shekara kuɗin hayar shago na zo mini bagatatan, sai na karyar da kaya na biya. Mafita?
Daga wani tela a Gusau

AMSA: Haya ba ta zuwa bagatatan, ranarta sananniya ce tun da aka ba ka makulli. Raba ta gida 12, ka riƙa zuba kason wata a wani asusu da ba ka riƙe da katinsa, ko ka shiga adashi ka nemi a sa kwasarka wata ɗaya kafin ranar biya. A sana'arka aiki na yin yawa gabanin sallah ƙarama da babba, sannan ya yi sanyi, don haka ka ninka zubin a waɗancan watannin. Kuɗin kafin alƙalami da kwastoma ya ba ka kuwa ba naka ba ne sai ka miƙa ɗinki.

TAMBAYA: Yaya zan fitar da zakkar shago alhali kuɗin duk suna cikin kaya?
Daga wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari

AMSA: Alhaji, a mazhabar Malikiyya an bambanta ɗan kasuwa mai juya kaya kullum da mai ajiye kaya yana jiran su yi tsada. Na biyun yana fitarwa ne bayan ya sayar. Kai kana cikin na farko. In shekarar Musulunci ta zagayo, ka kimanta atamfar da ke shago da ta sito a kan farashin ranar, ka haɗa da tsabar kuɗi na hannu da na banki, da bashin da kake sa ran za a biya ka. In jimlar ta kai nisabi, wanda ake aunawa da kimanin giram 85 na zinare, sai ka fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari: N25,000 a kowace miliyan ɗaya. Kanta, fanka, janareta da ginin shagon ba sa shiga, tun da ba na sayarwa ba ne. Bashin da ake bin ka, kamar na dilan da ya ba ka kaya ka sayar ka biya, yana da nasa hukuncin dangane da sauran abin da ka mallaka, saboda haka ka rubuta adadinsa daban ka je da littafinka wurin malamin da ya san fiƙihun zakka.