Fayil ɗin saitin da aka turo maka a WhatsApp

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wani abokina a kasuwar waya ta Farm Centre ya turo min fayil ɗin saitin VPN, wato manhajar da ke bi da kai intanet ta wata hanya daban, ya ce in na loda shi zan hau intanet ba tare da sayen data ba. Yayana ya ce kada in kuskura. Ni kuwa na buɗe na ga 'yan layukan rubutu ne kawai, ba manhaja ba. Ina haɗarin yake? Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Ka bi maganar yayanka. Kai rubutu ka gani, manhajar da za ta karanta shi kuwa umarni take karɓa. Fayil ɗin ne ke faɗa wa wayarka ta wace saba, wato kwamfutar wani da ke can nesa, za ta bi, don haka duk abin da ka yi a intanet ta hannun mai sabar zai ratsa, mutumin da ba ka san ko sunansa ba. A kwamfuta abin ya fi muni. Fayil ɗin OpenVPN, ɗaya daga cikin manhajojin VPN, na iya zuwa da layin script-security 2, sannan wani layi mai farawa da up, wanda ke sa na'urar ta zartar da umarni da zarar an haɗu da sabar. In ka ga waɗannan layukan, ka goge fayil ɗin.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Masu rubuta manhaja ba sa ƙera komai da kansu, aro suke yi na wasu guntayen manhaja da ake kira laburare, su ke karanta musu fayil. Wasu laburaren sun cika biyayya. A Disamban 2021 aka fallasa wata ɓaraka ta tsaro a Log4j, wani laburare na harshen rubuta manhaja Java da dubban kamfanoni ke amfani da shi wajen ajiye bayanin abin da ke gudana. Gajeren rubutu guda, ko a akwatin hira na wasan Minecraft aka sa shi, sai laburaren ya je sabar ɗan kutse ya ɗauko manhaja ya kunna. Akwai ma fayil ɗin XML, wani tsarin rubuta bayanai, da bai kai kilobayit 1 ba, amma in aka buɗe shi sai ya kumbura ya nemi kusan gigabayit 3 na ƙwaƙwalwar na'ura, ta sandare.

Ba na cewa abokinka mugu ne. Mai yiwuwa shi ma turo masa aka yi. Amma wayar da kake tura kuɗi da ita ba wurin gwaji ba ce.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Jami'ar Bayero. Manhajar da nake rubutawa da Python tana karɓar fayil ɗin saiti na YAML daga masu amfani da ita. Me zan kiyaye?

Amsa: Malama, ki yi amfani da yaml.safe_load. Tsohuwar hanyar yaml.load a PyYAML, laburaren Python da ke karanta YAML, tana iya gina duk abin da fayil ya ce, har da kiran umarnin na'ura, shi ya sa tun fitowar 6.0 a 2021 sai kin faɗi irin mai lodin da kike so. Kada ki buɗe fayil ɗin baƙo da pickle ko eval na Python, don su ma suna iya zartar da umarnin da ke cikinsa. Ki sa iyaka ga girman fayil, ki rubuta jerin saitunan da kika yarda da su, duk wanda ba ya ciki manhajar ta ƙi shi. In JSON, wani tsarin fayil ɗin, zai biya miki buƙata, ki koma kansa, don shi bayanai kawai yake ɗauka.