Filin Tambaya da Amsa: Birki, Zafi da Girman Taya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jan bas, ina ɗaukar kayan gwari daga kasuwar Mile 12 da ke Legas zuwa cikin gari. Idan na yi lodi sosai kuma na daɗe ina taka birki, sai in ji ƙauri, feda ta yi laushi tana nutsewa. Da motar ta huta sai komai ya dawo daidai. Makanikena ya ce a canja masta. Haka ne?
Daga wani direba, Mile 12

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin sayen masta. Mastar da ta mutu ba ta warkewa don mota ta huta. Abin da ke zuwa da zafi ya tafi da sanyi, a wajen zafin ake nemansa.

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi ta hanyar gogayya. Ka taka feda, masta, wato famfon man birki, ta tura mai cikin bututu, man ya tura fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad (takalman birki), fad biyu su matse faifan birki. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, tsayawa ɗaya tak tana fitar da zafin da zai kusan tafasa lita 2 na ruwa. Ka ninka lodi, zafin ya ninka. Ka ninka gudu, ya ninka sau huɗu.

Zafin nan ta hanya biyu yake kashe birki. Idan fad ne suka ƙone, fedar tana nan da tauri amma motar ba ta tsayawa, domin fuskar fad ɗin ta yi ƙyalli, ta daina cizo. Idan kuwa feda ta nutse kamar yadda taka ke yi, man birki ne ya tafasa. Mai ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka a cikin bututu yake ƙarewa. Sabon man birki samfurin DOT 3 sai ya kai digiri 205 na Celsius yake tafasa, samfurin DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma Legas ba ta rasa danshi. Da ya sha ruwa, DOT 3 zai iya tafasa a wajen digiri 140, DOT 4 a 155.

Sai a zubar da tsohon man duka, a zuba sabo daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, irin wanda aka rubuta a murfin tankin, a cire iska ƙafa bayan ƙafa. Duk shekara 2 ake yin haka. Ƙara mai a kan tsoho, wanda shi mutanenmu suka fi yi, ba ya cire ruwan. A duba fad, in kaurinsu ya sauko milimita 3 a canja na ƙafafun biyu tare. Sannan ka yi tafiyar minti 10, ka sauka ka kai hannu kusa da kowane rim, ba tare da taɓa faifan ba. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta ta ɗaya gefen zafi, mai yiwuwa kalifarta ce ta cije. A gangara kuma ka sauko giya, injin ya riƙe maka motar.

Tambaya: Na sa wa Corolla ɗina manyan tayoyi saboda ramuka. Tun daga nan birki ya rage ci, kuma sitiyari na rawa in na taka a kan gadar Third Mainland.
Daga wata 'yar kasuwa, Agege

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce. Ta farko ta ƙarfin murɗa ce, wato ƙarfi a ninka shi da nisansa daga tsakiyar abin da ke juyawa. Shi ya sa mai faci ke zura bututu a sufana in noti ya ƙi kwancewa. Fad suna kama faifai kusa da tsakiya, kwalta kuwa tana jan taya daga can bakinta. Taya mai lamba 195/65 R15 tana da kimanin santimita 32 daga tsakiya zuwa ƙasa. Idan sabuwar ta kai 35, birkin bai canja ba, amma ƙarfin da ke isa kwalta ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100, ga ƙarin nauyin tayar. Ki koma lambar tayar da ke manne a jikin ƙofar direba.

Rawar sitiyari kuwa yawanci daga faifan gaba take, in kaurinsa ya daina zama ɗaya. Sau da yawa ɗaurin noti ne sila: a hau sufana da ƙafa, wani ya ɗauru fiye da wani, faifan ya zauna a karkace. A kankare tsatsar mazauninsa, a ɗaure notin a tsallake-tsallake da sufana mai awo. Awon ƙarfin ɗaurin notin Corolla 103 Nm ne. Kafin a kai faifai wanki, wato a goge fuskarsa a inji, a duba mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa. In ya kai nan, ki nufi kasuwar kayan mota ta Ladipo ki sayi biyu.

Tambaya: Da damina birkina na kamawa, amma motar sai ta ci gaba da sulɓewa.
Daga wani mai karatu, Idi-Araba

Amsa: Birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. A busasshiyar kwalta, gudun kilomita 50 na buƙatar kimanin mita 14 bayan ka taka, gudun 100 kuma mita 56. Kwalta ta jiƙe, lissafin ya koma wajen mita 25 da kusan 100. Ba a sa daƙiƙar da ƙafarka ke ɗauka kafin ta kai feda ba, wadda a gudun 100 mita 28 ce. Zanen taya in ya gaza milimita 3 ba ya korar ruwa sosai, a 1.6 kuwa ta gama aiki. Idan motarka na da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ka danne feda ka riƙe ko da tana karkarwa, kada ka yi famfo. In ka ratsa ambaliya, ka yi tafiya a hankali kana ɗan taka birki sau da yawa har fad su bushe kafin ka ƙara wuta.