Tatsuniyar da Kika Manta Rabinta

Assalamu alaikum ɗiyata. Saƙonki ya iso, ina fatan yara suna lafiya.

Kin ce kina son yi wa yaranki tatsuniya amma rabi kawai kike tunawa, kina tambaya ko laifi ne ki cike giɓin da naki. Kin kuma ce kin nemo ta a littafi, kika ji ta lami.

Ki cike abinki. Wadda ta yi miki ita ma haka ta yi. Tatsuniya ba hadda ba ce balle a tsayar da ke a ce kin tsallake kalma.

Duba abin da ya rage miki: waƙar da yarinya ke rerawa gaban Dodo, tsamin bakin Gizo, yadda abu ke maimaituwa har sau uku kafin asiri ya tonu. Sunan gari da dalilin tafiya kuwa duk sun zube. Ƙwaƙwalwa tankaɗe take yi. Wani masani a jami'ar Kambirij ta Ingila, Frederic Bartlett, ya wallafa bincike kan haka a 1932. Ya ba mutane tatsuniyar 'yan asalin Amurka ta Arewa suka karanta, suka riƙa maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Labarin ya yi ta gajarcewa, abin da ba su saba da shi ba ya ɓace ko ya rikiɗe ya koma abin da suka sani.

To da wannan ragowar kike auna kowane labari. In wani ya ja zance babu amshi, babu inda gaba zai faɗi, sai ki ji bai yi ba, ko da ba za ki iya faɗin dalili ba. Ma'aunin na da kyau, sai dai yana da son kai, don a cikinsa akwai muryar kakarki da tsoron da kike ji kina ƙarama. Wane littafi ne zai ja da wannan? Ko tarin tatsuniyoyin Hausa da wani Baturen mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta masa da ajami. Kalmomi sun tsira, karin waƙa bai hau takarda ba. Kada ki yi wa marubuta rashin adalci.

Waƙar dai kada ki yar da ita. Ki bar yaran su amsa "ta zo mu ji ta" da bakinsu, ki lura da inda suke tsit da inda suke hamma, gobe ki rage can.

Wadda ta ɓace miki gaba ɗaya ki kira ni bayan isha'i in rera miki, ki ɗauka a waya.

Gwaggonki.