Yaya Zan Koya Wa 'Yan Aji Huɗu Kula da Muhalli?

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Tudun Wada, Zariya. An ce mu riƙa koya wa yara kiyaye muhalli, su kuma san cewa abin da suke yi yana shafar mutanen wasu ƙasashe. Na fara musu bayanin sauyin yanayi, sai hamma suke ta yi. Ta ina zan kama?

Amsa: Malama, ai dole su yi hamma. Ɗan shekara tara bai san ɗumamar yanayi ba, amma ya ga ledar fiya wata ta toshe kwata a watan Agusta har ruwa ya shiga ɗakin kakarsa. Daga nan za ki kama.

Ki shigo aji da leda guda, ki tambaye su: in muka yar da ita a bakin makaranta, ina za ta? Sai ki zana musu hanyar a allo. Ruwan sama ya ja ta cikin kwata, kwata ta kai ta kogin Kubanni, Kubanni ta zuba a kogin Galma, Galma ta faɗa kogin Kaduna, shi kuma ya haɗe da Neja, wanda ke ƙarewa a tekun Atilantika. Ki bar su su yi gardama a kan wanda zai ci karo da ita a hanya: mai noman rani, akuyar da za ta haɗiye ta, ko masunci a ƙasar Nufe. Yaron da ya bi ledar nan da yatsa har bakin teku ya riga ya gane yana da maƙwabtan da bai taɓa gani ba.

Muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 kuwa, don Allah kada ki sa su haddace. Ni a ganina ɓata lokaci ne. Biyu ko uku sun ishe su, kamar ruwa mai tsafta da dashen itatuwa.

Ki kuma faɗa musu darbejiyar da suke shan inuwarta asalinta daga Indiya take, masarar da ake gasa musu daga Meziko. Za su yi mamaki.

Da damina ta kankama, kowane rukuni na yara biyar ya dasa zogale ɗaya, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Tun kafin a tafi hutu ki tsayar da wanda zai riƙa ba shi ruwa, yaron da gidansu ke kusa da makaranta ya fi.