Amsa: Injin ruwa ya lalace, mai gida ya yi kunnen ƙashi

Malam, ka ce injin tura ruwan gidan da kake haya a Birnin Kebbi ya ƙone tun wata biyu, kullum sai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, mai gida kuma sai "gobe, gobe".

Kada ka riƙe masa kuɗin haya da ƙashin kanka, da shi zai kama ka. Fara duba takardar yarjejeniya: wa aka ɗora wa gyara? In an rubuta mai gida ne, ka samu madogara. Aika masa saƙo ta WhatsApp da hoton injin da ƙiyasin mai gyara, ka nemi izininsa a rubuce ka gyara a cire daga hayar baɗi. Rasit kuwa, ɓoye shi kamar kuɗi.

In ya ƙi, ka kai maganar gaban mai unguwa, dattawa sukan kashe irin wannan da wuri. Kafin ka nufi kotun shari'a, ka sani a sanannen ra'ayin Malikiyya ba a tilasta wa mai gida gyara, sai dai in lalacewar tana cutar da kai a ba ka zaɓin tashi. Shi ya sa rubutaccen sharaɗin nan yake da nauyi.