Tabarau mai kukan tsuntsaye ga Hajiya da ke kwance a asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu mai shekara 76 tana kwance a asibiti nan Gombe bayan tiyatar ƙashin ƙugu. Barci ya ƙaurace mata, ga yawan damuwa. Ƙanina ya kawo tabarau na Meta Quest, wanda ke nuna daji da ƙorama da kukan tsuntsaye kamar mutum yana wurin. Mu sa mata?
Daga mai jinya, Tudun Wada, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Dabarar tana da tushe. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya nuna a Amurka cewa waɗanda aka yi wa tiyata, tagarsu na kallon itatuwa, sun fi saurin barin asibiti kuma sun fi ƙarancin neman maganin ciwo mai ƙarfi.

Amma a ganinmu ku fara da sauti kawai. Hayaniyar ɗakin majinyata ce ke yawan hana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta so kada ta wuce desibel 30 (ma'aunin ƙarfin sauti) da dare, abin da da wuya a samu. Ku sauke sautin a waya tun daga gida, ku sa mata a iyafis, ƙarfin sautin ƙasa da rabi, yadda za ta ji idan nas ta yi magana. Ku zaɓi abin da kunnenta ya sani: yayyafin damina a kan kwano, kukan kurciya, gudun ruwa irin na madatsar ruwan Dadin Kowa. Ƙarar igiyar teku baƙuwa ce gare ta, tana iya tayar mata da hankali.

Tabarau kuwa sai da izinin likita. Kada a sa wa mai farfaɗiya, ko wanda aka yi wa aikin ido, ko tsohon da ya fara ruɗewa yana sambatu bayan tiyata, domin hoton zai ƙara rikita shi. Idan an yarda, ta jingina a gado, minti 5 ranar farko, kada a wuce 15. Hoton ya zama na wuri tsayayye: idan yana tafiya, ido na ganin motsi jiki bai motsa ba, sai jiri da tashin zuciya. Nauyinsa ya kai rabin kilo, don haka a tallafa mata kai da filo, a kula da robar ƙarin ruwa. Wani ya riƙe mata hannu, a cire da zarar ta yi gumi ko ta yamutsa fuska, kuma kada ta sauko daga gado sai bayan minti 10.